Girkin Hannun Hadi

Ranar da Manar ta fara ganin Hadi, faɗa ta je yi masa.

Aikinta a wani otel da ke unguwar Aziziyya a Makka shi ne kula da rabon abinci ga alhazan ƙasar Sin, kuma ranar nan abincin hawa na bakwai ya makara. Ta tura ƙofar kicin ranta a ɓace, sai ta yi turus. A tsakiyar Sinawa masu girki ga wani dogon baƙin saurayi yana zuba musu yarensu kamar ruwa, hannunsa na mulmula wasu fararen ƙwallaye.

"Kai, ikon Allah," ta faɗa a hankali, ba ta san ta yi Hausa ba.

Ya ɗago yana murmushi. "Sannu da aiki, Hajiya. A yi mana afuwa, yanzu zai fita."

Faɗan ya bi iska. Ta nuna tiren da ke gabansa. "Fura kake dunƙulawa a nan?"

"Ƙanwar fura ce. Tangyuwan suke ce mata."

Ya ɗebo uku a ɗan kwano cikin ruwan citta mai ɗumi, ya miƙa mata. Garin shinkafa ne mai danƙo, tana cizawa baƙin riɗi da sukari suka narke mata a harshe. Ya ce Sinawa suna cinta ne ranar da iyali suka haɗu wuri guda.

"Kai ina naka iyalin?"

"Mahaifiyata na Katsina. Ni dai nakan dafa wa masu iyali."

Ya faɗa da dariya, amma maganar ta tsaya wa Manar a rai har ta koma gida a unguwar Mansur.

Sannu a hankali ta san labarinsa. Ya bi kawunsa fatauci zuwa birnin Yiwu na ƙasar Sin, kasuwa ta ƙi, ya faɗa gidan abincin wasu Musulmin Sin da ake kira Hui. Shekara huɗu ya yi, daga wanke-wanke har ya kama ludayi. Maigidansa na can, Alhaji Yang, shi ya taho da shi Makka aikin kakar Hajji. Ita kuwa a Makka aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta ta cikin gida ce. Hadi ya riƙa tsokanarta wai Hausarta ta sha gahawa ta ƙoshi.

Ba a yi wata ba saƙonni suka fara kai-komo.

"Fitilata, yau na soya sanzi. Zaren fulawa ne siriri, a naɗe shi a soya, shi ne dublan ɗinsu na Sallah. Na ɓoye miki wanda ya fi kyau. Kar ki gaya wa Alhaji Yang."

"Ya salam! Sata ka fara saboda ni? Zan ci, amma zunubin naka ne."

"Na ɗauka. Allah Ya sa shi ne mafi girman laifina a wurinki."

Manar ta san tana sonsa, kuma ta san inda gizo yake saƙar.

Mahaifinta, Baba Idris, mahauci ne, shekara talatin yana yanka a Makka. Mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abin da zai shiga cikinsa. Ba ya cin abincin kasuwa, ba ya cin na otel. Ko walima aka gayyace shi sai ya tambayi wanda ya yi yanka, in amsar ba ta kwanta masa ba ya sha ruwa ya yi addu'a ya tashi.

Hadi ya zo gaisuwa wata Juma'a bayan la'asar, da farar jallabiya da babban tiren sanzi an jera shi kamar hasumiya. Ya durƙusa har ƙasa. Baba ya amsa da sakin fuska, ya tambayi asalinsa da karatunsa, duk ya gamsu. Da aka zo kan sana'a ne fuskar ta canja.

"Girkin 'yan Chaina?"

"Na Musulminsu, Baba."

"To. Allah Ya taimaka."

Tiren nan ko kallonsa bai sake yi ba. Umma Talatu, mahaifiyar Manar, da maƙwabta su suka cinye shi, har ana tambayar ko da saura.

Washegari Baba ya kira Manar. "Ya binti, 'yata, yaron nan yana da ladabi, ban ga aibunsa ba. Amma na ji irin abin da mutanen can suke ci. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ba zan iya cin girkin hannunsa ba."

"Baba, salla suke yi kamar mu. Hajji fa suka zo."

"Khalas, shi ke nan. Na gama magana."

Ana cikin haka Bandar ya ɓullo, ɗan abokin Baba mai aiki a kamfanin motoci, da kwalin dabino da turaren udu. Manar ta ce ba ta so, Baba bai matsa mata ba. Sai dai labari ya riga ya kai kicin, ka san bakin mutane ba ya hutu. Kwana biyar Hadi bai turo ko sallama ba. A na shida saƙo ya shigo.

"Manar, na ji wanda ya zo. Ba ni da mota, ba ni da gida a garin nan, Baba kuma ba ya so. Kwantiragina zai ƙare idan alhazai sun tafi, an ce in sabunta ko in koma. Idan alherinki na wurinsa, ba zan tare miki hanya ba."

Ta karanta, ta ji kuka, ta kuma ji haushi, haushin ya yi rinjaye.

"Wa ya ce maka hanyata ta bi ta can? Kwana biyar kana yanke hukunci kai kaɗai ba ka tambaye ni ba. Kai nake so, ya ahbal. Kar ka sa hannu a takardar komawa sai ka ji daga gare ni."

"Na tuba, Fitilata. Me ake nufi da ahbal?"

"Wawa. Amma nawa."

Saura kwana huɗu alhazan su tashi. Manar ta yi tunani har kanta ya yi zafi. Roƙo ba zai yi ba, kuka ma ba zai yi ba, don Baba ba da mugunta ya ƙi ba. Abin da ya ji ne ya tsaya masa, shi kuwa ji ba ya kawar da ji sai gani.

Ta same shi yana wasa wuƙaƙensa. "Baba, kai ka koya min kada in sayi nama sai na ga inda aka yanka. Ka zo ka ga kicin ɗin. Ba zan gaya wa kowa za ka zo ba. In ka ga abin ƙi, wallahi ba zan sake ɗaga maganar ba."

Ya ajiye wuƙar, ya kalle ta. Shi ma ya san abin da ta ɗora a kan faranti.

"Gobe da hantsi," ya ce.

Suka isa lokacin da ƙamshin mai ya cika bayan otel ɗin. Ita kanta Manar ba ta san me ake dafawa ranar ba. Baba ya gyara hularsa, ya nufi ƙofa kai tsaye irin na mai zuwa bincike.

Sai ga Alhaji Yang ya tare ƙofar. Ɗan guntun tsoho ne mai farar hula da siririn gemu, bai kai kafaɗar Baba ba. Ya ɗaga tafin hannu, ya yi magana da Larabcinsa mai gutsure-gutsure.

"Wudu? Fi wudu?"

Baba ya juyo ya kalli Manar. "Me yake cewa?"

"Wai... kana da alwala?"

Hadi ya taho da sauri yana goge hannu, fuskarsa duk ta rikice. "Baba, ka yi haƙuri, bai san kai ne ba. Yoshiyang muke soyawa, wainar fulawa ce da suke yi don sadaka, ta godiya ga Allah da aka gama Hajji lafiya. A al'adarsu ba mai tsayawa kan kaskon sai da alwala. Ko mai otel ne ya zo, haka zai ce masa."

Manar ta runtse ido. Ta ce a ranta shi ke nan, an kori Baba daga bakin ƙofa a gaban mutane.

Tun bayan asuba alwalar Baba ta warware, kuma shi ba mai ƙarya ba ne. Ya juya, ya tambayi inda famfo yake, ya naɗe hannun riga.

Da ya dawo ruwa na ɗiga a gemunsa, tsohon ya kama hannunsa ya shigar da shi. Daga bakin ƙofa Manar take hangen su. Kowane curi da Hadi zai saka a mai sai ya yi bismilla. Alhaji Yang ya nuna wa Baba tukwane, ya buɗe masa firji, ya nuna hatimin mayanka a jikin naman. Baba ya duba da idon sana'a, ya gyaɗa kai. Daga nan tsohon ya tsamo waina ɗaya mai zafi, ya nuna masa da hannu cewa ba a gatsa, yagowa ake yi.

Baba ya riƙe ta. Ya kalli Hadi, wanda ya sunkuyar da kai kamar mai jiran alƙali. Ya yago, ya yi bismilla, ya kai baki.

Hawaye suka zubo wa Manar, ba ta ko share ba.

A hanyar komawa Baba ya juyo wurinta. "Shekara talatin ina tambayar mutane wa ya yanka. Yau ni aka tambaya ko ina da tsarki." Ya ɗan yi dariya, sannan muryarsa ta yi ƙasa. "Kin san abin da nake tsoro, ya binti? Ba naman ba ne kaɗai. Tsorona in zo gidanki a kawo abinci in ce na ƙoshi. In zama baƙo a gidan 'yata."

"Ba za ka zama ba, Baba."

"Ki ce masa ya turo manyansa."

Hadi ya sabunta kwantiragi. Aka ɗaura aure a watan Safar, kawunsa ya zo ya karɓa masa, mahaifiyarsa tana kallo ta waya daga Katsina tana guɗa. Umma Talatu ta yi alkaki da nakiya, Alhaji Yang ya aiko da sanzi tire uku, matan Mansur suka yi ta gardamar wanne ya fi.

Juma'ar farko bayan biki, Baba Idris ya yi sallama a ɗan gidansu. Hadi ya kawo taliyar da ya ja da hannunsa, da romon rago. Manar ta zauna gefe tana satar kallo. Baba ya ci, ya share kwano tas, ya tura shi gaban surukinsa.

"Ƙaro min, ɗana," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya sa tukunyar gidan nan kada ta taɓa yin sanyi."