Ciwon Bayan Hafizu

"Samiratu, ina ƙwayoyina?"

Ban juyo ba. Na ci gaba da bakacen gero a tsakar gida.

"Da ke nike magana! Da sahe suna ƙarƙashin katifa."

"Na zuba su cikin salga," na ce.

Hafizu, mijina, yana tsaye a bakin ɗaki, ya dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙugunsa. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Duka?"

"Duka, masoyina. Tramol ɗin nan kashe ka yake. Ka dubi idanunka, ka dubi yadda ka rame..."

"Kada ki sake ce min masoyi!"

Faifan da ke hannuna ya faɗi. Shekara uku da rabi muna tare, bai taɓa ɗaga mini murya haka ba.

Watanmu biyar da aure abin ya same shi. Da rani yakan bar gonarmu ta Tabla ya tafi kasuwar Filinge yin dako. Wata rana ya sunkuya zai ɗaga buhun wake, sai ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙasan baya. A amalanke aka kawo mini shi. Mun ɗauka ciwon sati ɗaya ne. Ga shi an ci damina uku.

Babu abin da ba mu gwada ba. Kailu wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya cika da tabo. Ya sha jiƙo, ya sha rubutu, an shafa masa man da ke ƙuna kamar barkono. Daga baya wani abokinsa ya kawo masa tramol daga wurin masu tebur. Ranar farko ya tashi har ya yi mini dariya, na yi ta gode wa Allah. Bayan wata shida, ɗaya ba ta isarsa, sai uku, sai huɗu, kuma in ta sake shi ya fi da kwanciya.

Watan jiya na matsa masa muka je Yamai. Aka ɗauki hoton bayan. Likita ya ce ƙashi bai karye ba, ba ya buƙatar aiki. Ya ce yawan kwanciyar ne ke ƙara sanƙarar da shi: ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kullum, ya yi motsin da aka koya masa, a gasa masa wurin da tsumma mai ɗumi, ƙwayar kuwa a janye ta sannu a hankali. Tun da muka dawo Hafizu bai yi ko ɗaya ba. Ya juya fuska bango, ya daina magana.

Hayaniyarmu ce ta fito da Inna Haske, uwar mijina, daga ɗakinta.

"Mi ya hwaru?"

"Ta zubar min da magani, Inna."

Inna ta tafa hannu. Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari.

"Ke yarinya, mi wanga yaro ya yi miki? Kullum tashi, tashi, yi tahiya! Mutum na kukan ciwo ki ce ya yi yawo? Abu ɗaya da ke ba shi barci kuma kin hana shi!"

"Inna, likita ne ya ce..."

"Likitan da ya duba ya ce bai ga komi ba? Ni na haihe shi, ni na ga abin. Sakiya za a yi mashi. Kailu ya ce in ƙarhe mai zahi ya taɓa wurin, ciwon hita zai yi."

"Wallahi ba za a ƙona min miji ina raye ba!"

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Inna ta juya ta dubi ɗanta.

Hafizu bai dube ni ba. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Tahi gida, Samiratu. Sai na neme ki."

"Hafizu..."

"Ba saki ba ne. Amma ki tahi."

Kwana tara na yi a gidanmu a Filinge. Yayata Basiratu kullum maganarta ɗaya.

"Kin yi iyakar ƙoƙarinki. Ke ce gona, ke ce rijiya, ke ce jinya, sakayyar ke nan? Ki karɓi takardarki ki huta."

"Ba ki san shi ba, Yaya. Wannan ba shi ba ne."

"To wanda kika sani ina yake?"

Sai in shiga ɗaki in riƙe waya, in nemo lambarsa, in kasa dannawa. Ina jin haushinsa, ina kuma tunanin wa ke ɗora masa ruwan ɗumi da safe.

Ranar kasuwa, bayan azahar, aka yi sallama. Ina leƙowa na ga Inna Haske a ƙofar gida, mayafinta ya karkace, ƙafafunta duk ƙasa. Matar da ba ta taɓa taka gidanmu ba tun ranar biki.

"Ɗiyata," ta ce, sai muryarta ta karye. "Yana asibiti. Taso."

A hanya ta faɗa mini. Washegarin tafiyata jikinsa ya ɗauki rawa, ga gumi, ga amai, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Ta ɗauka iska ce ta shige shi. Da ya fara kuka kamar ƙaramin yaro, ta aika aka kira Kailu. Wuri huɗu aka sa masa ƙarfen. Ciwon bai fita ba. Ƙunar ce ta ruruce, ta fara wari, zazzaɓi ya rufe shi.

"Ni na riƙe mashi kai ana yi," ta ce. "Da hannuna."

Mun same shi kwance rub da ciki, an rufe bayan da bandeji. Likitar da ke duba shi, Madam Rashida, ta dube ni ta saman gilashinta.

"Ke ce matarsa? Ke kika zubar da ƙwayoyin rana ɗaya?"

"Ni ce."

"Mutumin da ya shekara biyu yana shan tramol ba a yanke masa haka. Rawar jikin da aman duk daga nan ne. Wani har farfaɗiya yake yi. Ba a gaya miki sannu a hankali ba?"

An gaya mini. Da kunnena na ji. Gajiya da fushi ne suka sa na ga kamar in na raba shi da su da safe, da yamma zan samu mijina. Na durƙusa a gefen gadon.

"Ka yafe min... wallahi ban yi don in cuce ka ba..."

Ya juyo da fuskarsa da ƙyar. Leɓensa sun bushe.

"Madam," ya ce, "don Allah ki gaya min gaskiya. Akwai maganin da zai ɗauke shi baki ɗaya?"

"Ban san shi ba," ta ce. "Duk wanda ya ce maka yana da shi, ka yi hankali da shi. Ƙunar nan za ta warke. Ƙwayar za mu janye maka ita a tsare, sati bayan sati, a nan wurina, ba wurin mai tebur ba. Bayan kuma, abin da aka fi ganin amfaninsa shi ne wanda aka faɗa maka a Yamai: tafiya da motsa jiki, kullum, ko da kaɗan ne. Zai yi maka zafi da farko. Wata biyu, wata uku kafin ka gane bambanci. Kuma wata rana zai riƙa dawowa. Ba ni zan yi ba, ba Inna ba, ba matarka ba. Kai za ka zaɓa."

Ta wuce gado na gaba. Inna ta ja mayafi ta fita waje ta bar mu.

Sai na ga hawaye na gangara ta gefen hancinsa.

"Kin san abin da ya kwantar da ni tun da muka dawo daga Yamai?"

"A'a."

"Da likita ya ce bai ga komi a hoto ba, sai na ga kowa na kallona awa maƙaryaci. Ƙato kamar ni, matata na noma ina kwance. Na ce in na tashi na yi tahiya, za a ce ashe dama yana iyawa. Har ke na ɗauka haka kike gani."

"Ni?" Na kama hannunsa. "Ni da nike jin numfashinka in za ka juya? Ban taɓa cewa ƙarya kake ba, ko a zuciyata. Tsoro nike ji, Hafizu. Ina ganin kana tahiya kana barina, kana kwance a gabana."

"Samirata..." Rabon da ya kira ni haka har na manta. "Kin ji abin da ta ce. Wataƙila ba zan sake ɗaukar buhu ba har in mutu. Za ki iya zama da ni haka?"

"Ba buhu na aura ba."

Ya yi wata 'yar dariya, ciwon ya katse ta, ya cije leɓe.

Kwana biyar bayan nan zazzaɓin ya sauka. Da hantsi ya ce in ɗaga shi. Sai da muka yi sau uku kafin ƙafafunsa su taɓa ƙasa. Gumi ya jiƙa masa goshi. Na shiga ƙarƙashin hannunsa na dama, amma nauyinsa ya fi ƙarfina, muka fara karkacewa.

Inna na zaune a kan tabarma tana kallonmu. Na ɗauka za ta ce a mayar da shi. Sai ta miƙe, ta ɗaure zanenta, ta shiga ƙarƙashin hannunsa na hagu.

"Zuwa ina likita ta ce?"

Na ce, "Bakin ƙofa, Inna. Yau bakin ƙofa kawai."

Kowane taku sai ya yi nishi, kowane nishi sai in ji Inna ta ce "ya Salamu" a hankali. A tsakiyar ɗakin ya tsaya, idanunsa a rufe.

"Ba ni iyawa... wallahi zahi..."

Inna ce ta yi magana. Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta, hawaye na zuba a fuskarta, ta faɗi sunan da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba.

"Hafizu. Ɗaga ƙahwa."

Ya buɗe ido ya dube ta. Sannan ya ɗaga.