Hannun Gwaggo a Cikin Bango

Rana na gab da faɗuwa Gwaggo ta fito daga shagon kayan famfo, hannunta babu komai sai ɓacin rai. Mai shagon ya sake yi mata rantsuwar da ya saba, wai gobe da sassafe zai turo mata mutuminsa.

"Goben nan taka gurguwa ce?" in ji ta. "Tun bangon yana gumi kake ce mini gobe, ga shi yanzu kuka yake yi."

"Haba Gwaggo, ai wannan karon..."

Ba ta tsaya jin ƙarshen zancen ba.

Bangon da take magana shi ne wanda ya raba banɗaki da ɗakin maigidanta, Malam. Bututu ne ya fashe a cikinsa. Malam kuwa ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi, kuma duk gidan ɗakin nan ne kaɗai kekensa ke iya shiga. Fenti ya kumbura ya zube. Fumfuna ta yi baƙi a lungu. Warin danshi ya kama katifa, ya kama filo, ya sauka a ƙirjin Malam ya zama tari. Sannan tsaga ta fito daga sama tana gangarowa, daidai kan gadonsa. Ta ja gadon iya inda zai jawu, amma ɗakin ƙarami ne. In bangon ya faɗi, a kansa zai faɗi.

Masu gyara kuwa ta ga iri-iri. Na farko ya farfasa tayil, ya ce zai je ya ɗauko abin aiki, har yau yana ɗaukowa. Wani ya shafa gam kamar mai shafa wa jariri mai, ya ce an gama, kafin ya kai bakin titi ruwa ya dawo. Wani ya karɓi kuɗin kaya ya kashe waya. Ɗanta da ke aiki a wani gari kullum sai ya turo lamba. "Wannan ƙwararre ne, Gwaggo, mutane sun yabe shi a waya." Ƙwararren ya zo da farar riga, ya ɗauki hoton bangon, ya tafi. Hoto! Sai ka ce ango ne bangon.

Da wannan takaicin ta shiga lungun bayan shaguna, inda kwata ke bi. Babu kowa. Fitilun titi ba su kama ba tukuna. Tana tafe tana mita ita kaɗai, sai ta ji ƙarar ƙarfe a bayanta.

Kwal. Kwal.

Ta juya. Wani dogon mutum ne, siriri, da jakar buhu a kafaɗa, bakin sifana ya leƙo yana bugun guduma. Wandonsa a jiƙe har gwiwa.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "ke ce mai bangon da ke zuba?"

"Wa ya faɗa maka?"

"Ana ji."

Ta ɗauka mai shago ne kunya ta kama shi ya turo mutuminsa. Ta dube shi sama da ƙasa. "In gobe za ka ce mini, kama gabanka tun yanzu."

"Yanzu za mu je."

"Kaya fa? Sai na ba da na saye ko?"

"Ina da kayana."

Duk mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Amma wanda ya kwana yana sauraron tarin majinyaci, ba ya tambayar mai taimako daga ina ya fito. Ta wuce gaba, yana biye. Ba ta jin takunsa, ƙarar jakar kawai take ji. Wani wari ke tashi daga jikinsa, irin na tankin da aka daɗe ba a buɗe ba.

A gida ta leƙa ɗakin Malam ta ce an samu mai gyara. Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ce da nauyin harshe, "Na nawa ke nan?" Ta ce ya yi shiru ya sha maganinsa.

Mutumin bai nemi a nuna masa hanya ba, kai tsaye banɗaki ya nufa. Ta danna makunni, ƙwan ya yi ƙyaf ya mutu.

"Bari in ɗauko tocila."

"Bar ta. Ba na aiki da haske."

Ta ƙaramar taga sauran jan rana ke shigowa. Ya zaro wani siririn ƙarfe, ya kafa bakinsa a bango, ya ɗora kunne a ɗaya bakin. Ya matsa. Ya sake saurare. A ranta Gwaggo ta ce, yau dai ga wanda ya san aiki. Duk waɗancan babu wanda ya taɓa sauraron bangon, duka kawai suka sani.

"Nan ne," ya ce.

Ba inda sauran suka farfasa ba ne, can ƙasa ne, daidai ƙugunta. Ya buga sau ɗaya. Siminti ya buɗe, rami ya fito daidai shigar hannu, ko ƙura bai tayar ba. Wata iska mai sanyi ta fito daga ciki.

"Sa hannu ki kama bututun. Zan zagaya ɗaya ɓangaren in ɗaure. Ki riƙe da ƙarfi, kada ki saki sai na ce. In kika saki ruwan zai ɓalle gaba ɗaya, bangon ba zai ɗauka ba."

"Riƙo dai? Kafin a haife ka nake riƙon abin da ya fi wannan."

Ya yi wani ɗan sauti, ko dariya ce ko tari. Ya fita.

Ta naɗe hannun riga, ta zura hannu. Wuyan hannu ya shige. Gwiwar hannu ta shige. Ba ta taɓa komai ba. Ta ƙara turawa har kafaɗarta ta manne da tayil, sannan yatsunta suka kama bututu, mai santsi, mai sanyi, yana rawa da ƙarfin ruwa.

Ta riƙe. Sai lissafi ya zo mata.

Tana tsaye aka yi ginin nan. Ita ta hana magina cin siminti, ita ta ƙirga musu bulo. Bulo ɗaya ne kaurin bangon, bai fi taƙi ba. Da tuni hannunta ya ɓullo a ɗakin Malam, yana lilo a kan gadonsa.

"Malam," ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mai gyaran ya shigo wajenka?"

Malam ya yi tari.

"Ba wanda ya shigo."

"Kana ganin hannuna ta nan?"

"Wane hannu?"

A cikin bangon, can nesa, jaka ta yi ƙara. Kwal. Kwal. Tana matsowa.

Bututun ya motsa. Wani ya kama shi daga can.

Ta ji haƙoran sifana sun ciji ƙarfe, dab da yatsunta. Ta ji numfashi a bayan hannunta. Sannan raɗa, kuma ba murya ɗaya ba.

"Miƙo zaren."

"Wa ke riƙe mana yau?"

"Matar gidan."

"Ba ta saki ba?"

"Ba ta saki ba."

Zuciyarta ta ce zare hannunki ki gudu. Sai ta ji tsagar bangon ta yi ƙas, ɓarɓashin siminti ya zubo a ɗakin Malam, ya sake tari. Ta dantse haƙora. Ta ƙara damƙe bututun. Duk addu'ar da ta sani ta jero ta, wata ma ba ta kai ƙarshe take kama wata.

Wani abu ya shafa yatsunta, ɗaya bayan ɗaya. Mai laushi, jiƙaƙƙe, kamar hannun da ya kwana a ruwa.

"Hannun kirki," in ji wata siririyar murya.

"Mun daɗe ba mu samu mai riƙo haka ba. Duk sakewa suke yi."

"A bar mana shi mana."

Sifana ta juya. Ta sake juyawa. Rawar bututun ta ragu, ta ragu, ta tsaya cak. Shuuu ɗin da ya hana gidan barci ya ɗauke.

Muryar dogon ta fito ta ramin, kamar bakinsa na kan kunnenta.

"An ɗaure. Saki."

Ta saki. Ta ja.

Hannun bai fito ba.

Ramin ne ke tsukewa. Ɗanyen siminti, mai sanyi, yana taruwa a damtsenta. Daga ciki yatsu sun zagaye wuyan hannunta, suna ja a hankali, ba gaggawa.

Kumatunta ya manne da tayil.

"Malam!"

Ta ji kofin ƙarfensa ya bugi bango. Ya sake bugawa. Yana kiran sunan Allah da rabin harshe, kalmar na karyewa yana sake ɗaukowa.

Hannunta na hagu ya lalubi bakin taga. Buroshi. Soso. Robar sabulun ruwa.

Ta cire murfin da haƙori, ta tuttule shi duka a kafaɗa, ya gangara cikin ramin. Ta kafa ƙafa a gindin bango.

"Aiki na kawo ku," ta ce, "ba gado na ce ku ci ba. Ku sakar mini hannu, marasa kunya!"

Ta fizga da iyakar ƙarfinta.

Fata ta sale. Awarwaronta ya zame, ya tafi. Ta faɗi da baya, kanta ya bugi bokiti.

Tana kallo ramin ya haɗe bakinsa. Ya shafe sumul.

Can ciki, awarwaron yana ta faɗuwa, yana ƙara, yana nisa. Ba ta ji saukarsa ba.

Da rarrafe ta isa ɗakin Malam. Ta same shi ya zamo rabi daga gado, kofin ya lotse a hannunsa. Ta gyara masa kwanciya, ta goge masa baki, sannan ta zauna a ƙasa kusa da shi.

Cikin 'yan kwanaki bangon ya bushe ƙarau. Tsagar ta tsaya inda take, magini ya zo ya cike ta. Tarin Malam ya lafa. Hannun Gwaggo ya warke, sai dai daga kafaɗa zuwa yatsu ba ya ɗumi, ko ta kara shi a wuta. Maƙwabta suka yi ta zarya, kowa da famfonsa mai zuba, wai ta taimaka musu da lambar mutumin nan. Ta ce ba shi da waya. Ɗanta ya ce ai irin wannan a riƙe shi da kyau, samunsu wuya. Ta ce ya rufe mata baki.

Sai da aka kwana biyu Malam ya faɗa mata sauran. Ya ce a ranar, bayan ta faɗi, an yi masa magana ta cikin bango, daidai kansa, da ladabi.

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce shi ba ya barin aiki rabi. Ko ɗigo ɗaya ya ji a gidan nan, zai dawo ya duba." Malam ya dubi hannunta. "Ya ce ki tanadi hannun."

Washegari Gwaggo ta koma shagon kayan famfo. Mai shagon ya fara, "Wallahi Gwaggo, gobe..." Ta ce ba mutum ta zo nema ba. Ta sayi sifana babba da ƙarama, da farin tef, da robobin kan famfo, ta sa shi ya kwance famfo a gabanta ya mayar, ya sake kwancewa, har ta iya.

Yanzu kullum kafin rana ta faɗi tana zagaya gidan da sifana a hannu, daga kicin zuwa banɗaki zuwa gindin tanki. Kowane famfo sai ta tsaya a kansa, ta hana kowa motsi, ta kasa kunne. Ranar da jikarta ta wanke hannu ta bar famfon tsakar gida yana ɗiga, tsohuwar nan da ke tashi da kyar ta riga kowa isa wurin, ta tare ɗigon da tafin hannunta kafin ya taɓa ƙasa.