Sunan Da Ta Goge

Ranar da mai hoto ya fara shigowa shagon, yarinyar da ke kan kantar sayarwa ta riga ta ba mutum goma sha ɗaya haƙuri tun safe.

"Malama, jirgin da na yi oda fa?" Ƙaramin jirgi ne mara matuƙi, mai kyamara, wanda kamfani ya cika wa mutane kunne da tallarsa.

"Sai haƙuri, an ɗaga fitowarsa zuwa wata mai zuwa."

Sau uku ana ɗagawa. Kullum ya shigo da shirin faɗa, ya tarar ta dafe goshi don gajiya, sai faɗan ya bi ruwa. Har ya raɗa mata suna Sai-Haƙuri. A zuwa na huɗu, bawan Allah bai ma tuna da jirgi ba, lambarta ya roƙa.

"Sai-Haƙurina, kin ci abinci? Jirgi ya yi zamansa, ke dai kar ki rame mini."

Saƙonsa kaɗai ke sa ta murmushi.

Da kaya suka iso, mai gyaran shagon ya gwada ɗaya a bayan shago a gabanta. Talla ta ce minti arba'in a sama. A minti na bakwai ya rikito ƙasa, tim!

"Ki ja bakinki ki yi shiru," in ji manaja, wanda dama ya daɗe yana nemanta tana zillewa. "Kamfani zai gyara daga baya."

Ta san a kan taron jama'a mai hoto yake aiki. Ta goge sunansa daga layin masu oda, ta kuma faɗa wa duk mai saye abin da ta gani. Kafin yamma an sallame ta.

Washegari manaja ya ce wa mai hoto ai wani ta ba gurbinsa.

"Wata huɗu ina jira, ashe wasa kike da hankalina?"

Ta karanta saƙon mai hoto, ta kife wayar. Ƙarfin kuka ma ba ta da shi.

Mai gyara ne ya warware masa komai. Mai hoto ya zo gidansu jiki a sanyaye, mahaifinta ya tsare shi a ƙofa.

"Ta rasa aiki saboda kai, ka bi ta da baƙar magana. Me kake nema?"

"Aurenta, Baba, in za ta yafe mini."

"Ban shirya ba ka ba."

Sati shida yana sintiri. A na bakwai tsohon ya gaji. "Tana da taurin kai, ka sani. Girkinta ma sai a hankali."

Daga bayan labule ta ce, "Haba Baba!"

"Na ji, na gani, ina so," in ji mai hoto.

Ranar ɗaurin aure mahaifinta ya riƙe hannunta, ya dubi ango.

"Na ba ka wadda ba ta iya ƙarya ba. Ran da gaskiyarta ta yi maka ɗaci, ka daure. Allah ya yi muku albarka."