Ƙwan Sumaiya

"Kwana uku, Baban Sumaiya? Kwana uku yarinyata tana wanke tsumma a ɓoye, sai yau kake faɗa min?"

Zalihatu tana tsaye a matattakalar benensu a unguwar Najma, can ƙasar Larabawa, don ɗakin da mata shida suke kwana ba wurin faɗan aure ba ne. Mijinta Masahudu ne a waya daga Kumasi.

"Ni ma yau na sani, Zali. Na tsare ta, ta fashe da kuka."

"Me ya hana ta kira ni?"

Ya rage murya.

"Ta ce... kunyarki take ji."

Maganar ta soke ta. Kunya ai ta baƙuwa ake ji. Shekara biyar ke nan tana yi wa 'ya'yan wasu kitso da lalle a wani shago a unguwar Muntaza, ga tata 'yar ta zama budurwa ba ta nan.

A gidansu akwai abin da ake yi. Mahaifiyar Zalihatu 'yar ƙabilar Asante ce da aure ya kawo Zongon Kumasi. Ta bar komai na garinsu, ban da wannan: ranar da yarinya ta fara al'ada, uwarta za ta daka doya da manja, ta dafa ƙwai, ta taɓa mata shi a leɓe sau uku kafin ta ci. Hannun uwa ne yake yi, ba na gwaggo ba, ba na maƙwabciya ba.

"Ki zo ki ba ta ƙwanta," in ji Masahudu a hankali.

"Madam mai shagonmu ta ce ba hutu, lokacin bukukuwa ne. Halas, ta rufe magana."

"To ni fa, Zali? Ni ma Madam ce take riƙe min ke?"

Ta kashe wayar, don in ta amsa kuka za ta yi.

Da ta koma ɗaki, Juliet kaɗai ta tarar, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan mai gadon da ke ƙasan nata. Juliet ba ta iya ganin jan ido ta ƙyale, sai da ta ji komai.

"Akwai wata Baturiya a asibitinmu," ta ce, "addininsu wai Wika. Da 'yarta ta girma, ita ta zauna ta tsara bikin da kanta. Ta ɗaure hannunsu da jan zare, yarinyar ta yanke."

"A'uzubillahi. Ni zan yi tsafin Turawa?"

"Wa ya ce ki yi nata? Cewa na yi ba ta jira kowa ba. Ki tsara naki."

Zalihatu ta yi tsaki, amma washegari a shago, tana kitso tana tsarawa. Ranar Juma'a za a yi, ta wayar bidiyo. Masahudu zai ara mata hannunsa, ita ta ba da baki. Bisimilla a farko, addu'a a ƙarshe, kowace taɓawa da maganarta. Ta rubuta su a bayan takardar shago, ta goge ta sake har sau huɗu.

Ranar Juma'a da la'asar 'yan ɗakin duk suka fita shan iska. Zalihatu ta dafa ƙwai ɗaya ita ma, ta ɗaura zanen da ta yi wata shida ba ta taɓa ba, ta jingina wayar da gwangwanin madara.

Sai ga tsakar gidansu a fuskar wayar. Masahudu ya sa farar riga kamar ango, ya daka doya duk gudaji, manja har gwiwar hannu. Ƙwan kuwa ya ɓare shi kamar ɓera ya ci ya rage. A gefensa Sumaiya tana zaune kan tabarma, ta yi tsawo, idonta a ƙasa.

"Sumaiyata... sannu, kin ji? Ba ciwo ba ne, ba laifi ba ne. Girma ne."

"Yoo, na ji, Mma."

"Baban Sumaiya, bisimilla. Kai mata."

Ya ɗaga ƙwan. Zalihatu ta buɗe takardarta. Kafin ta karanta kalma ɗaya, yarinyar ta kau da kai.

"Ba na ci."

"Haba uwata," in ji Masahudu, "ki duba wahalar da na sha."

"Kaka ta faɗa min tun tana da rai. Hannun uwa ne." Sai yanzu ta ɗago ta kalli wayar, hawaye yana zuba. "Sallah ta waya. Saukar karatuna ta waya. Wannan kam ba na so ta waya kuraa, ko kaɗan. Zan jira."

"Sumaiya, hutuna sai bayan wata takwas fa..."

"Zan jira, Mma. Ba na so kowa ya ba ni sai ke."

Zalihatu ta toshe baki da zaninta. Ta daɗe tana zaton yarinyar ta daina buƙatarta, ashe wurinta a share yake ana jira.

Masahudu ya mayar da ƙwan cikin kwano, ya matso da fuskarsa har ta cika wayar.

"Masoyiyata, kazarmu kullum tana yin ƙwai. Doya ma tana kasuwa. Ke ce babu."

Ta daɗe tana kuka, su ma suna yi, ba wanda ya kashe. Da ta samu murya ta ninke takardar ta soke a bakin zani.

"Gobe zan gaya wa Madam wannan watan ne na ƙarshe, gida zan dawo. Ta so, ta ƙi." Ta share fuska. "Sumaiya, kada ki bar babanki ya sake taɓa turmin nan. Ni zan daka."