Ragon da Barmo Ya Kwance

A bakin rijiyar Tarka suka fara haɗuwa, kuma da zagi aka buɗe. Kaka ta wuce, lokacin da duk mai hankali yake ɗaure wa ragonsa gaba da igiya, don tunkiya wata biyar take yi da ciki. In ta ɗauka yanzu, tsakiyar bazara za ta haihu, ba ciyawa ba nono. Shi kuwa Barmo, wai tausayi, ya ga igiya ta ci fatar ragonsa, ya kwance. Rago bai zame ko'ina ba sai kan Fara, tunkiya ɗaya tilo da marigayiya Kaltuma ta bar wa 'yarta Zuhaira.

Zuhaira ta yar da guga ta yo kansa. "Kai wane irin sakarai ne? Wallahi in Fara ta mutu ban yafe ba!"

Kai jama'a, ana zaginsa, shi idonta yake kallo!

Tun daga ranar kullum sai ya kawo harawa. Ta karɓa ba godiya. Ya samu lambarta ya turo saƙo: "Masifaffiyata, Fara ta ci?"

Ta mayar: "Ta ci. Ni ba taka ba ce. Gobe ka haɗo da dusa."

Da ya turo magabatansa, mahaifinta Malam Ila ko tabarma bai shimfiɗa ba. "Yaron da ya kasa ɗaure rago zan ba 'ya? Ku tashi!"

Shi Malam Ila, Haris yake so mata, wani mai shago a Belbeji. Haris ya zo zance, ya ga haƙarƙarin Fara a waje, ya ce, "Ki kai ta wa mahauci tun da sauran nama." Da taɓarya Zuhaira ta raka shi har ƙofa.

Bazara ta kankama, harawa ta ƙare ƙaf. Barmo ya ja ragon nan da yake ji da shi kamar ransa, ya musanya shi da buhunan dusa. Da tsakar rana Fara ta haifi tagwaye, ɗaya bai ko motsa ba. Zuhaira ta fashe da kuka.

"Ka gani ko? Aikinka ne!"

"Nawa ne, Zuzu," in ji Barmo, yana tallafe da ɗayan a kan nono har ya kama.

Fara ta tashi. Zuhaira ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, shi ya ɓata, kuma shi ya tsaya. Shi nake so, ko da yake har yanzu haushinsa nake ji."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ranar kai amarya, Fara da ɗanta ne a gaba, ɗan rago ya tasa har ya fara bin tumaki. Kafin ta shiga ɗaki ta zaro igiya daga cikin mayafi ta miƙa wa ango.

"Ɗaure shi. Ina kallo."

Ya ɗaure, ta duba ƙullin da kanta, sannan ta yi masa murmushin farko. Allah ya ba su zaman lafiya, ya cika garke.