Tagumin Mariyatu

"Cire hannun nan daga haɓarki! Wa ya mutu?"

Inna Hajjo ce ta daka wannan tsawa a tsakar gidanta da ke Gidan Dare, wata Laraba da hantsi, can zamanin soja. Mariyatu, matar ɗanta Abdulwahabu, tana durƙushe gabanta da kwanon kunu. Ta sauke hannun da sauri. Tana saukewa kan ya karkace, fuska ta koma kafaɗar hagu, ya kama kaɗawa kamar mai cewa a'a.

"Kun gani ko? In na yi magana ta kau da kai, in na yi shiru ta rafka tagumi! Ke, mi anka yi miki a gidanga?"

"Wallahi Inna ba ni ba ce, wuyan ne..."

"Wuyan na maƙwabta ne?"

Da abin ya soma, yabo Mariyatu ta sha, an ɗauka kunyar uwar miji ce. Da ya yi tsanani sai ta gano in ta tallafi haɓa da yatsu biyu, kan yana miƙewa. To amma tagumi a gidan miji, kowa ya san fassararsa: shela ce ta cewa ana gasa maka gyaɗa a hannu. Matan da ke shigowa sayen ƙuli wajen Inna sunka kwashi zance sunka baza unguwa. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wanzami ya kafa ƙaho, duk a banza.

Da la'asar Abdulwahabu ya dawo daga rumfarsa ta dukanci, Inna ta tare shi tun a zaure.

"Ka ba ta takardarta kafin Juma'a. Ta tahi inda za ta yi dariya!"

Ya durƙusa. "Inna, ki yi mini aikin gafara. Lafiya lau na ɗauko ta gidansu. Ko fata ce ta ƙandare a hannuna, ba na jefar da ita sai na nemi mai."

"Ni za ka kawo wa zancen fata? Juma'a na ce!"

A ɗaki Mariyatu kuka take kamar ranta zai fita. "Please Yaya, ka bi umarninta. Kada ka ɗauki fushin uwa saboda ni."

"Sorry Mari, share hawayenki. Ba zan saɓa mata ba, ba kuma zan zalunce ki ba. Allah na nan."

Washegari maƙwabciyarsu Sista Rifkatu, nas ce, ta shigo sayen ƙuli. Ta tsaya tana kallon Mariyatu.

"Ƙanwata, sauke hannun in gani. Mayar. Sake saukewa... Mama, wannan ciwo ne fa! Akwai likitan jijiya da ya dawo daga Ingila, ku kawo ta gobe."

"Da ni za a tahi," in ji Inna, "in ji ƙaryar da kunnena."

A asibiti, likita bai yi doguwar magana ba. Ya ce wa Inna ta ɗora hannunta a wuyan yarinyar. Ta ji wani nama ya ɗaure tamau kamar igiyar guga cike da ruwa.

"Hajiya, shi ke jan kan, ba da saninta ba. Masu ciwon nan ko'ina haka suke taɓa haɓa su samu sauƙi, har Turawa."

"Turawa na tagumi?"

"Sosai. Maganin allura ce, botulinum. Asalinsa dafi ne, irin wanda ke fitowa a abincin gwangwani in ya lalace."

"Dahi! A wuyan ɗiyar mutane?"

"Ɗan mitsitsi ake sawa, naman ya saki. Da shi ake taimakon wanda idonsa ke rufewa da kansa, da wanda abinci ke tsaya wa a ƙirji. Sai dai ba ya kashe ciwon. Duk wata uku ko huɗu sai an sake."

"Ba ragi? A yi mai ƙarfi sau ɗaya a huta mana."

"Ba ragi, Hajiya."

Hannun Inna bai bar wuyan ba. "Wata biyar tana ɗauke da wanga abu ina zaginta... To a yi. Ni zan riƙe kan."

Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya tayar da zancen takarda. Ran kwana goma da yin allurar, Mariyatu ta fito da tulu bisa kai, wuya miƙe sambal, hannu biyu a sake. Inna ta saki ludayi, ta rangaɗa guɗar da sai da masu sayen ƙuli sunka ruga ciki.

"Ku shigo ku gani, 'yan gulma! Ɗiyata, ki gafarta mini."

"Haba Inna, ba ki yi mini komai ba."

Abdulwahabu ya sosa ƙeya yana murmushi. "Inna, batun nan na Juma'a fa?"

"Tashi ka ba ni wuri, ja'iri! Ka sake ta ka gani, in ba kai za ka bar gidanga ba!"

Shekaru sunka yi ta tafiya, Inna ce mai raka ta asibiti, ba ta taɓa bari ranar ta kuskure ba.

To 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: kada ku yanke wa mutum hukunci daga abin da jikinsa ya yi, sai kun taɓa inda ke masa ciwo. Namiji kuma, wanda ya iya riƙe uwa da mata lokaci guda bai saki ko ɗaya ba, shi ne ya ci kasuwa.