Takalman Jarrah

Da la'asar sakaliya Merrin Tuckwell ta ɗauko Wattle daga asibitin dabbobi, inda aka yi mata allurar shekara. Wattle ƙaramar karya ce ta ma'aikatar ceto, ba ta daɗe a hannun Merrin ba. Ta ɗora ta a kujerar gaba ta a-kori-kura, ta sauke mata gilashi, suka kama hanyar gida. Ba su yi nisa ba rediyon sadarwa na motar ya yi ƙara. Col ne, dattijon da ke kula da gidan karnuka.

"Ke yarinya, itace ya faɗi ya tare babbar hanya. Sai dai ki zago ta Kwarin Tallow."

"Haba tsoho, ba wata hanya?"

"Akwai mana, in motar taki na da fiffike. Tsoron me kike? Wuta ta mutu tun bara."

Merrin ta karkata mota zuwa hanyar kwarin. Tun gobarar dajin bara ba ta sake taka kwarin nan ba. A can ta rasa Jarrah, karen da suka daɗe suna aiki tare. An tura su neman Alby Renshaw, wani tsoho mai kiwon zuma da ya ƙi barin amyoyinsa. Kowa a wannan aiki ya san ƙasar da gobara ta ci munafuka ce: sama toka mai sanyi, ƙarƙashi saiwoyi na ci kamar murhu. Shi ya sa ba a sakin kare sai da takalmansa. Kuma karen ceto in aka ce masa "Nemo", ba ya dainawa sai mai shi ya ce "An gama".

A ranar, zafi ya yi yawa, rana na shirin faɗuwa, Jarrah na ta cizon takalman yana ɓata lokaci. Merrin ta durƙusa ta cire masa su da hannunta don ya yi sauri. Ta ce, "Nemo!" Ya ruga. Kuka ɗaya ta ji, ƙasa ta burma da shi. Ba a ga gawarsa ba, ba a ga Alby ba. Ta gaya wa kowa da takalmansa ya shiga, tsautsayi ne kawai. Ga su nan kuwa a aljihun mota, ta dunƙule su cikin tsumma. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tata dai ta yi, don tun daga ranar ba ta san barcin kirki ba.

Hanyar kwarin ba kowa. Itatuwan turare sun tsaya baƙi ƙirin, sabon ganye na tsirowa a jikinsu. Tsuntsaye masu kuka kamar dariya da ke cika dajin da magariba, yau ko ɗaya bai yi motsi ba. Sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya.

Can sai wari ya shigo ta taga. Ƙaurin gashi.

Wattle ta miƙe kunnuwa. Daga cikin itatuwa wata murya ta taso, ta mace, mai ƙosawa.

"Nemo!"

Nan take Merrin ta gane muryar. Muryarta ce. Har da ɗan tsakin da ta ja a ƙarshe ran nan.

Kafin ta taka birki Wattle ta dire ta taga, ƙafafunta ba takalma. Merrin ta fito da gudu, ta cafko ta a bakin toka, ta jawo ta tana turjewa, ta cusa ta a mota, ta ɗage gilashi. Makulli na jikin mota, juyawa ɗaya kawai ya rage ta bar wurin.

Sai ta ji taku. Taku, ja. Taku, ja.

Ta san wannan numfashin. Ta juyo a hankali.

Jarrah ne, hancinsa a ƙasa, yana kai da kawowa kamar yadda ta koya masa. Gashinsa ya ƙone. Ƙafafun kuwa, gara a bar zancensu. Duk inda ya taka sai hayaƙi ya tashi. Da ya rage sauri ya fara layi, muryar ta sake daka masa tsawa.

"Nemo!"

Ya miƙe ya ci gaba.

A lokacin ta gane. Ran nan ta yi ihu, ta yi kuka, ta kira sunansa har murya ta dushe. Amma ba ta ce masa an gama ba. Tun bara yana kan aiki.

Ta buɗe aljihun mota ta ɗauko tsumman. Ta taka toka. Ƙasar da ta sha ruwan damina guda, zafinta na ratsa takalmin aikinta.

A kogon wani ƙonannen itace akwai abu a tsaye. Dogo, launin toka. Bakinsa a buɗe, ba ya motsi, amma daga nan muryar ke fita.

Ta durƙusa ta jera takalman nan huɗu a ƙasa.

"Jarrah," in ji ta da raɗa. "Ga su. Na makara."

Ya ɗago kai.

"An gama, yaron kirki. An gama."

Ya tsaya cik. Ya kaɗa abin da ya rage na wutsiyarsa.

Ta dubi kogon. Ba kowa a ciki.

Numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyarta. Muryarta ta raɗa mata a kunne: "Ke kika cire."

Ƙasa ta burma da ƙafarta ta dama. Robar takalmi ta narke. Ta fizge ƙafar, takalmin ya zauna a ramin, ta ruga a kan garwashi da tafin ƙafa tsirara.

Ba ta waiga ba.

Ba ta san yadda ta kai gari ba. A gadon asibiti, ƙafa a naɗe, ta gaya wa Col komai, har da wanda ya cire takalman. Ya daɗe yana murza hularsa.

Washegari ya tafi kwarin da mutum biyu. Da ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ƙi zama.

"Takalman ba sa wurin," in ji shi. "Amma akwai sawun kare, da zanen robar takalman. Mun bi shi ya hau tudu, ya kai mu wata tsohuwar busasshiyar rijiya. Gawar Alby na ciki. Takalman na jere a bakinta."

"Wuta ce ta ci shi?"

Col ya sunkuyar da kai. "Wuta ba ta taɓa shi ba, yarinya. Akwai gwangwanayen abinci a gefensa, duk ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Jira ya yi ta yi."

"Da nisa daga inda na saki Jarrah?"

"Ko shayina bai huce ba muka isa."

Merrin ta koma aiki tana ɗingishi. Yanzu ba karen da ke fita daga gidan sai ta durƙusa ta ɗaure masa takalma da kanta, ta ja kowane ɗaya ta gani. Sababbin ma'aikata na tsokanarta wai uwar takalma, ba ta kula su. Amma Col ne ke sakin Wattle a daji, domin har yau bakin Merrin ya kasa furta "Nemo".